Haƙƙin Mawallafi a Adabin Zazzau: Magana Jari Ce da Imfiraji a Ma'aunin Doka

Daga Ƙofar Galadima, ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar birnin Zazzau, zuwa gidan Gaskiya da ke wajen ganuwa, ba wata doguwar tafiya ba ce. Amma duk wanda ya yi wannan tafiya riƙe da rubutacciyar waƙa ko labari, to ya fita ke nan daga wata al'ada ta mallakar magana, ya shiga wata dabam. A cikin gari, a zaurukan malamai, littafi abu ne da ake ara, a kwafe da hannu, a mayar wa mai shi, ba tare da an tambayi ko nawa mawallafin zai samu ba. A inda injin ɗab'i yake kuwa, littafi haja ne, yana da farashi, yana da mai shi, kuma akwai dokar da ta faɗi wanda ke da ikon buga shi. Manufar wannan maƙala ita ce ta ɗora ayyuka biyu da suka fito daga Zariya a kan ma'aunin wannan doka, watau Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam da waƙoƙin Imfiraji na Alhaji Aliyu Namangi, don a ga abin da dokar ta iya aunawa da kuma abin da ya fi ƙarfin ma'auninta.

Ita dai dokar haƙƙin mallaka baƙuwa ce, kuma injin ɗab'i ne ya haife ta. A Ingila aka fara kafa ta a shekarar 1710, inda aka ba mawallafi ikon littafinsa na shekara 14, da damar ƙarin wasu 14 in yana raye. A 1886 wasu ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Berne don kowace ta kare marubutan 'yar'uwarta, Nijeriya kuwa sai a 1993 ta shiga. Dokar Ingila ta 1911 ita aka shimfiɗa wa Nijeriya a 1912, ita ce kuma ke aiki a lokacin da aka rubuta littattafan ƙagaggun labarai na farko na boko. Ta ba da kariya muddin ran mawallafi da shekara 50 bayan rasuwarsa. Dokar soja ta 1970 ta rage wa'adin zuwa shekara 25, ta 1988 ta mai da shi 70, sa'an nan dokar 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta bar shi a 70 ɗin.

Ginshiƙan dokar ba su da yawa. Ba ta kare tunani ko jigo, sai dai zubin da aka zuba shi a ciki. Tana bukatar a ce mai aikin ya yi wani ƙoƙari da ya ba aikin kamanni nasa na kansa, kuma a ce an adana aikin a wani abu da za a iya komawa gare shi, takarda ce ko faifai ko na'ura. Da zarar waɗannan sun cika haƙƙi ya tabbata, ba sai an yi rajista ba. Haƙƙin nan kuma iri biyu ne. Akwai na dukiya, watau ikon bugawa da sayarwa da fassarawa da juya aiki zuwa wasan kwaikwayo ko fim, wanda ana iya sayar da shi, amma sai a rubuce. Akwai kuma na mutunci, watau a ambaci sunan mai aiki, kada kuma a jirkita masa aikin ta yadda zai zubar masa da daraja. Wannan na biyu ba ya sayuwa.

Abin da malaman cikin gari suka tsare

Kuskure ne a ɗauka cewa kafin zuwan Turawa Bahaushe bai san mawallafi yana da haƙƙi ba. Ya sani sarai, sai dai rabin da ya tsare shi ne na mutunci. Marubucin waƙa yakan sa sunansa a baitocin ƙarshe, wani lokaci da na mahaifinsa da garinsa, ya kuma ɗaure shekarar da ya gama cikin ramzi, don kada wani ya zo daga baya ya ce tasa ce. Mai kwafa shi ma yakan rubuta sunansa a ƙarshen takarda, ya bambanta kansa da mai talifi. Ɗalibi ba ya karantar da littafi sai ya karɓi izni daga malamin da shi ma ya karɓa daga wani, har silsila ta kai ga mawallafi. Ta wannan hanya ce waƙoƙin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, irin su Tabarƙoƙo, suka yi ta yawo hannu da hannu, sunansa bai rabu da su ba ko bayan da Turawa suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja.

Tahamisi shi ne ya fi nuna yadda wannan al'ada ta ɗauki aron magana. Mutum ya ɗauki waƙar wani mai ƙwar biyu, ya ƙara wa kowane baiti ɗango uku nasa, ta koma mai ƙwar biyar. Tabban Haƙiƙa misali ce da kowane ɗalibi ya sani: Shehu Usmanu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, Isan Kware ya yi mata tahamisi. A idon dokar yau wannan fassara ce da juyi, kowannensu yana bukatar izni. A idon malamai kuwa girmamawa ce, da sharaɗi ɗaya, watau kowa a san nasa. Batun kuɗi bai taso ba, don kuwa ɓoye ilmi abin ƙyama ne, kuma ladan da ake nema ba na kasuwa ba ne. Sai a 1988 ne majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait, ta yanke cewa haƙƙin talifi dukiya ce da shari'a ta kare. Dacewa ce kawai ta sa wannan fatawa ta faɗo shekara ɗaya da dokar Nijeriya, amma dacewa ce mai daɗin lura.

Imam da zargin ɗauko na wasu

A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta sa gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. A 1936 East ya nemi a ba shi aron Abubakar Imam, wanda a lokacin yake koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, ya zo Zariya ya yi wata shida yana rubutu. East ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Indiya da na Turawa, daga nan Magana Jari Ce ya fito littafi uku tsakanin 1937 da 1939. Manazarta, musamman Ibrahim Malumfashi, sun bi sawun labaran har gidajensu: Alfu Laila wa Laila, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin da 'yan'uwan nan biyu Jamusawa, Grimm, suka tara, da wasunsu. Shi kansa tsarin a sa aku ya riƙa ba da labari dare bayan dare don ya tsare wani daga fita, tsoho ne a adabin Indiya da na Farisa. Tun da wannan ya bayyana ake samun masu cewa ai Imam satar fasaha ya yi, kuma maganar takan dawo duk sa'ad da aka yi muhawara a kan masu fim ɗin Kano da aron da suke yi daga finafinan Indiya.

Ta fuskar doka amsar gajera ce. Wilhelm Grimm ya rasu a 1859, Jacob a 1863, don haka ko da ma'aunin shekara 50 aka bi, labaransu sun zama na kowa tun kafin Imam ya shiga makaranta. Alfu Laila da Kalila wa Dimna kuwa ba a ma maganarsu. Abin da kawai zai iya zama da mai shi a 1936 shi ne lafazin wani mai fassara na Ingilishi, shi kuwa Imam ba lafazi ya ɗauko ba.

Amma amsar doka ba ta isa ba, domin tambayar ta adabi ce: me Imam ya ƙara? A ɗauki labarin Kalala da Kalalatu. A wurin Grimm wata kuku ce mai suna Gretel ta cinye kaji biyu da maigidanta ya sa ta gasa wa baƙo, sa'an nan ta tsorata baƙon da cewa wuƙar da ake wasawa ta yanke masa kunne ce, ta kuma ce wa maigida baƙo ya gudu da kajin. Ƙashin labarin ke nan, kuma Imam bai sake shi ba. Abin da ya sake shi ne dangantaka. Ya mai da kuku da maigida suka zama mata da miji, da haka nauyin abin ya tashi daga wayon bara ya koma kan kunyar maigidan da ya gayyato baƙo gidansa ya kasa fita kunyarsa, abin da Bahaushe ke jin zafinsa fiye da asarar kaji. Sunayen su kansu sun riga sun ba da dariya kafin labari ya fara. Haka Labarin Sarkin Busa, wanda asalinsa mai busar nan ne na garin Hamelin a Jamus da ya kwashe ɓeraye aka hana shi ladansa ya kwashe yara. Da Imam ya ba shi sarauta irin ta fada, ya sa shi cikin garin da ke da sarki da fadawa, sai saɓa alkawarin ya zama laifin masu mulki a tsarin da mai karatu ya sani.

Daɗin daɗawa, labaran ba a zube suke ba. An rataye su a jikin labarin Sarki Abdurrahman da ɗansa Musa da mugun Waziri, kuma kowane labari da aku ya bayar yana da aikin da yake yi a wannan dare, ko dai ya ja lokaci, ko ya yi hannunka mai sanda. Karin maganar da aka yi wa labarai da yawa take da ita takan juya ma'anar labarin zuwa inda mai asalinsa bai nufa ba. Wannan shi ne ainihin abin da doka ke nufi da ƙoƙarin da ya ba aiki kamanninsa, kuma da wuya a sami misalin da ya fi wannan cika sharaɗin a rubutun Hausa. Wanda ya ɗauki labarin Gretel yau ya rubuta nasa, bai taɓa haƙƙin kowa ba. Wanda ya kwafe Hausar Imam kuwa ya taɓa.

Duk da haka akwai inda zargin yake da ɗan tushe, sai dai ba a kotu ba. Bugun da ke hannun ɗalibai ba ya nuna a gindin kowane labari inda aka ɗauko shi. Dokar Ingila ba ta tilasta haka ga abin da ya riga ya zama na kowa ba, amma malamin zaure da ya saba da silsila zai ga gibi a nan. Imam bai ɓoye ba, ya yi bayanin yadda aikin ya gudana a tarihin rayuwarsa da aka buga a 1989, sai dai ɗan makarantar da ya karanta littafin shekara da shekaru bai san da haka ba. Watau littafin ya ci jarrabawar baƙuwar doka, ya rage maki a ta gida.

Sauran tambayar ita ce wa ke da littafin. Dokar 1911 ta ce aikin da ma'aikaci ya yi a bakin aikinsa na wanda ya ɗauke shi aiki ne, in ba an yi wata yarjejeniya ba, kuma abin da aka shirya ko aka buga ƙarƙashin ikon wani sashe na gwamnati na gwamnati ne har shekara 50 daga bugun farko. A ƙarƙashin wannan inuwa aka yi dukkan aikin Hukumar Talifi, aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 da Kamfanin Gaskiya a 1945, aka yi zamanin NORLA a shekarun 1950, har aka zo ga NNPC a 1966, littattafan suna bin gidan daga hannu zuwa hannu. Dokar 1970 ma ta bar rinjaye a hannun wanda ya sa aiki. Sai ta 1988 ce ta juya lamarin, ta ce haƙƙi yana farawa ne daga mawallafi ko da sa shi aka yi, sai in ya sallama a rubuce. Ke nan marubutan da suka kafa harsashin rubutun boko sun yi aikinsu ne a zamanin da doka ta fi kallon ofis a kan alƙalami. Inda haƙƙi ya tsaya a hannun mawallafi, lissafin yau mai sauƙi ne: Imam ya rasu a 1981, wa'adi sai ƙarshen 2051, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rasu a 1966, sai ƙarshen 2036. Shaihu Umar ma ya isa darasi shi kaɗai, don Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, kuma kowane hawa a cikin waɗannan yana da nasa haƙƙin a bisa na ƙasa da shi. Jiki Magayi kuwa, da yake na mutum biyu ne, John Tafida da East, ana fara ƙirga nasa ne daga rasuwar wanda ya yi saura a cikinsu.

Namangi da waƙar da ta fi takardarta yawo

Idan ma'aunin ya zauna daidai a kan Imam, a kan Aliyu Namangi rawa yake yi. Namangi makaho ne tun yana ƙarami, a ka yake tsara waƙa, da baki yake fitar da ita, wasu ne ke rubutawa. Imfiraji, wadda aka buga waƙoƙinta tara a Zariya, ta ƙunshi begen Annabi da wa'azi da zancen ruɗin duniya, cikin Hausa mai sauƙin kamawa da kari mai daɗin rerawa. Wannan sauƙi shi ya sa ta fita daga takarda. Makafi masu bara suka haddace ta, suka kai ta ƙofar gidaje da tashoshin mota a ko'ina cikin ƙasar Hausa, rediyo ya ɗauka, masu kaset suka ɗauka, yanzu kuma tana cikin wayoyin hannu.

Sharaɗin adanawa shi ne matsala ta farko. Kafin wani ya rubuta baiti ko ya ɗauki murya, waƙar da ke kan Namangi ba ta da kariya, komai kyanta. Da aka rubuta, doka ta ce mai tsarawa shi ne mawallafi, ba mai riƙe da alƙalami ba, wannan kuwa daidai ne. Amma da aka ɗauki murya sai haƙƙoƙi suka rabu uku: na baitoci ga mawaƙi, na rerawa ga wanda ya rera, na faifan kansa ga wanda ya ɗauki nauyin ɗaukar, shi kuma na shekara 50. A kasuwa na ukun nan shi ne mai kawo kuɗi. Abin da ya sami makaɗan baka irin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos ke nan, waɗanda kusan duk abin da ya rage na fasaharsu yana cikin faifan da wasu suka ɗauka.

Matsala ta biyu ta fi wuya. In aka bi harafin doka, rera waƙar wani a bainar jama'a don neman abin hannu yana cikin abin da sai da iznin mai ita. To, wa zai kai makaho ƙara don ya rera Imfiraji a ƙofar gida? Waƙar don a rera ta aka yi, kuma waɗannan masu bara su ne maɗaba'arta ta gaskiya, sun kai ta inda littafi bai taɓa zuwa ba. Hasarar da suke jawowa ba ta kuɗi ba ce. Mai bara baiti biyar ko goma yake ɗauka, ya haɗa da na wata waƙa, ya sake kalmar da ta yi masa nauyi, kuma baitocin ƙarshe, inda al'ada ta tanadar wa suna wuri, su ne ba a kaiwa gare su. Da haka ake samun wanda ya haddace Imfiraji tun yana yaro, bai taɓa jin sunan Namangi ba, yana ɗaukarta waƙar makafi ce kawai.

A nan ne wani sashe na dokar da aka yi da kyakkyawar niyya zai iya zama tarko. Tun 1988 aka sa adabin gargajiya, irin su tatsuniya da kacici-kacici da waƙoƙin jama'a, ƙarƙashin kariya ta musamman: ba a juya su don kasuwanci sai da iznin Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya, kuma in an buga su sai a faɗi al'ummar da suka fito. Dalilin a fili yake ga wanda ya tuna cewa tatsuniyoyin da malamai suka rubuta aka buga littafi uku tsakanin 1911 da 1913, sunan Frank Edgar ne a bangonsu. Amma wannan kariya ta abin da ba a san mai shi ba ce. Duk waƙar da sunan mawallafinta ya goge a bakin jama'a tana iya zamewa cikin wannan aji, ikonta ya tashi daga magada ya koma ofis a Abuja. Imfiraji ta tsira daga haka domin an buga ta da sunan mai ita. Waƙoƙin ajami masu yawa da ke cikin gafakokin malaman birni, waɗanda takardarsu ta ƙarshe ta yage, ba su da wannan gata, kuma mai nazarin da ya tabbatar da mawallafin ɗaya daga cikinsu ya yi aikin da ke da sakamako a shari'a, ba a jarrabawar digiri kaɗai ba.

Dokar 2022 ta zo da abubuwa biyu da suka shafi waɗannan ayyuka kai tsaye. Na ɗaya, mai haƙƙi yana iya rubuta wa masu kula da shafin intanet su sauke aikinsa da aka ɗora ba da izni ba, abin da ya shafi kwafen Magana Jari Ce da ke yawo a wayoyin ɗalibai. Ta bar wa malami da ɗalibi damar ɗaukar abin da ya dace don nazari da sharhi da koyarwa, tare da ambaton mai aiki, amma wannan dama ba ta kai ga kwafe littafi sukutum a sayar a bakin makaranta ba. Na biyu, bisa yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2017, an halatta a juya littafi zuwa rubutun makafi ko zuwa murya domin amfanin marasa gani, ba tare da neman iznin mai haƙƙi ba. Ta wannan sashe ana iya karanta Magana Jari Ce dukkansa a na'ura a ba makafin Zariya, a kuma mayar musu da Imfiraji cikakkiya, daga baitin farko har zuwa na ƙarshe.